Ina Tinariwen za su dosa a kundinsu na gaba?

Sautin Jekadafari

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu bin kiɗan jitar Abzinawa ce, musamman ƙungiyar Tinariwen ta arewacin Mali, waɗanda Turawa ke sa kiɗansu a layin rok na hamada. Kundinsu Amatssou ya fito a watan Mayun 2023. Idan aka duba tazarar da suke bari tun daga 2001, shekara biyu ce ko uku tsakanin kundi da kundi, sau ɗaya tak ta kai huɗu. Ke nan lokacin kasa kunne ya yi.

Masu sauraronsu a nan Gombe sun rabu biyu a kan Amatssou. Wasu sun ce banjo da jitar nan ta kwance da ake goga wa ƙarfe, waɗanda mutanen Nashville, birnin kiɗan kaboyi na Amurka, suka saka, sun ja kiɗan zuwa na kaboyi. Wasu sun ce gishiri ne kawai, miyar tana nan yadda take. To ni abin da nake son sani shi ne: mene ne ainihin abin da ke juya akalar waƙoƙinsu daga kundi zuwa kundi? Idan suka saki waƙar ɗanɗano kafin kundin, me ya kamata mutum ya saurara a cikinta don ya gane inda aka nufa? Sannan akwai matasan sitidiyo a garin nan da ke gwada wannan salon, amma in an gama sai ka ji kamar nanaye ce aka ɗora wa jita. A ina ake kuskuren?

Dattijon Bolari

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka tambayi wane Bature za su gayyato, fara tambayar inda za su kafa tanti. Wurin ɗauka shi ne kan gaba, sauran duk bayansa suke bi.

Bi su ɗaya bayan ɗaya ka gani. Na farkon da duniya ta sani, The Radio Tisdas Sessions na 2001, a gidan rediyon Kidal, a arewacin Mali, aka ɗauke shi, da ƙarancin kayan aiki, shi ya sa sautinsa ya bushe, babu ado. Aman Iman na 2007 a sitidiyo aka yi shi a Bamako, Justin Adams ne furodusa, kuma a nan jitar lantarki ta fi cika da kauri, domin ɗaki mai bango yana ba ka damar buɗe amfilifaya ka ware kowane sauti daban. Imidiwan na 2009 suka koma Tessalit, yankin jagoransu Ibrahim Ag Alhabib. Sai Tassili na 2011, wanda aka ɗauka a cikin duwatsun kudu maso gabashin Aljeriya kusa da Djanet. A nan suka ajiye yawancin kayan lantarki suka ɗauki jitar katako, da ƙwarya, da tafi. Shi ne ya ci musu kyautar Grammy a 2012. Ka ga abin da ya fi ɗaukaka su a idon duniya shi ne wanda aka fi rage wa kaya.

Daga nan yaƙi ya shiga. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai waɗanda suka haramta kiɗa, har aka kama ɗaya daga cikin makaɗansu, Abdallah Ag Lamida, a farkon 2013 kafin a sake shi. Dole ta sa aka ɗauki Emmaar na 2014 a Joshua Tree ta Kalifoniya. Hamada ce ita ma, amma ba tasu ba. Saurare shi da kyau, za ka ji waƙoƙin sun yi nauyi, tafiyarsu ta ragu, kamar mutum mai magana da murya ƙasa-ƙasa a gidan da ba nasa ba. Elwan na 2017 kuma an raba ɗaukarsa tsakanin Amurka da kudancin Maroko da Faransa, kuma ana jin rabuwar.

Wanda ya fi koyar da darasi shi ne Amadjar na 2019. Sun taso daga Maroko ta mota suka gangara har kusa da Nuwakshot ta Muritaniya, suna tsara waƙoƙin a hanya, sannan aka ɗauka a ƙarƙashin tanti, kowa na jin kowa da kunnensa, ba abin kunne. Ga abin da hakan ke haifarwa a aikace. In mutum bakwai suka zauna da'ira suna kiɗa lokaci guda, makirfon mai waƙa zai kwashi jita, na jita zai kwashi tafi, na ƙwarya zai kwashi kowa. Injiniya ba shi da ikon yanke baiti ɗaya ya liƙa wani, ko ya gyara muryar mutum ɗaya ba tare da ya taɓa sauran ba. Don haka tsawon waƙa, da inda amshi ke shiga, da inda jita ke amsa wa murya, duk an yanke su a wurin, a bakin makaɗan. Duk wanda zai ƙara wani abu daga baya, gurbin da suka bari kawai zai cike.

Wannan ne ya kawo mu kan Amatssou. Asalin shirin shi ne su je Nashville bisa gayyatar mawaƙin Amurka Jack White, annobar korona ta hana. Sai suka sake komawa Djanet suka ɗauka, makaɗan Nashville Fats Kaplin da Wes Corbett suka saka nasu daga Amurka, furodusa Daniel Lanois ma ya sa hannu daga can. Ke nan banjon da ake ta muhawara a kai bai zauna a tantin ba. Fenti ne a kan ginin da aka riga aka gama. Masu cewa an juya musu waƙa sun ba baƙin ƙarfin da ba su da shi.

Baƙon da ke iya juya waƙa shi ne wanda ya zauna a tabarma ɗaya da su, kamar Noura Mint Seymali ta Muritaniya da mijinta Jeiche Ould Chighaly a Amadjar, ko mawaƙan ƙungiyar Amurka TV on the Radio biyu da suka taka har wurin da aka ɗauki Tassili. Saboda haka in sanarwa ta fito, abu biyu za ka nema a cikinta: ina aka ɗauka, kuma su wa suka kwana a wurin.

Hasashena, Tamanrasset ta kudancin Aljeriya. A can ƙungiyar ta samo asali a 1979, kuma can ne matasan ƙungiyar Imarhan, su ma Abzinawa, suka gina sitidiyonsu mai suna Aboogi. In haka ta faru, ku sa ran jin muryoyin matasa da yawa a amshi, da jitar lantarki mai tsabta fiye da ta tanti.

Malamar Pantami

Baba, Allah ya ƙara girma. Bayanin wuri ya gamsar, amma ina ganin ya amsa tambayar sauti ne, bai amsa ta rubutun waƙa ba. Tanti ba ya rubuta baiti.

Tinariwen ba ƙungiyar marubuci ɗaya ba ce, kuma wannan ne abin da masu sauraro da yawa ba su lura da shi. Duk kundin da ya fito, a duba bayanan da ke tare da shi, ana rubuta sunan mai kowace waƙa. A ƙirga. Waƙoƙin Ibrahim su ne masu tafiyar hawainiya, murya can ƙasa kamar mai gunaguni, kalmomi kaɗan, jitar lantarki tana ƙarasa abin da baki bai faɗa ba. Na Abdallah Ag Alhousseyni sun fi yawan kalmomi, muryarsa ta fi fita sarari, yana son jitar katako, kuma shi ne aka sani da ƙaunar kiɗan kaboyin Amurka tun da daɗewa, don haka banjo bai zo masa a baƙo ba. Alhassane Ag Touhami shi ne mai kawo na rawa. Kundin da Ibrahim ya fi yawan waƙoƙi a ciki daban yake da wanda Abdallah ya rinjaya, ko da a tanti ɗaya aka ɗauke su. Akwai kuma gurbin da ba a cike ba: Mohammed Ag Itlale, wanda ake kira Japonais, ya rasu a 2021, kuma yana cikin waɗanda suka fi zurfin baiti a cikinsu.

Batun jigo kuma, a tuna abin da ya faru bayan Amatssou ya fito. A Nuwamban 2023 sojojin Mali tare da mayaƙan hayar Rasha na Wagner suka karɓe Kidal. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka kammala ficewa a ƙarshen shekarar. A Janairun 2024 gwamnatin soja ta Bamako ta soke yarjejeniyar zaman lafiya ta Aljiyas ta 2015. A Yulin 2024 aka yi ƙazamin faɗa a Tinzawaten, kan iyakar Mali da Aljeriya. Iyalai da dama sun tsallaka Aljeriya da Muritaniya. Mutanen da aka kashe mahaifin jagoransu a tawayen 1963, waɗanda waƙoƙinsu na farko a kaset aka riƙa yawo da su a ɓoye, ba za su ga wannan su yi shiru ba.

Sai dai kada a jira waƙar da za ta lissafo sunaye kamar labaran rediyo. Mdou Moctar na Nijar yana yin haka, a Funeral for Justice na 2024 ya fito ɓaro-ɓaro ya tuhumi Faransa. Dattawan nan ba haka suke gini ba. Su rijiya za su ambata, da kufai, da abokin da ya tafi bai dawo ba, da 'yan'uwan da suka rarrabu, sai mai hankali ya ɗauka. Kalmar da suke kiran kiɗan nasu da ita, assouf, ta haɗa kewa da bege da kaɗaicin daji wuri guda. Mu da muka san habaici da zambo a waƙar Hausa bai kamata wannan ya ba mu wuya ba.

Shawara ga mai son sanin abin da ake faɗa: fassarar Turanci ko Faransanci da ke zuwa da kundi tana ba da ma'ana amma tana zubar da salon. Akwai Abzinawa a cikin garin nan, wasu na sana'a wasu na gadi, kuma da yawansu suna da waƙoƙin nan a waya. A zauna da su a kan shayi a kunna baiti ɗaya, a tsayar, a tambaya. A dai sani cewa yawancinsu mutanen Nijar ne, karin harshensu na Agadas ko na Tawa ne, na Tinariwen kuwa na Adrar ɗin Kidal ne. Za su gane mafi yawa, amma wata kalmar sai sun yi gardama a tsakaninsu, kuma a cikin gardamar ake samun abin da fassara ta ɓoye.

Abin da ni nake fata shi ne a dawo da muryoyin mata gaba. Tushen kiɗan nan na mata ne. Tinde turmi ne da ake ɗaure wa fatar akuya, mata ke kaɗa shi suna waƙa da tafi. Imzad, mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu, mata ke goga shi. A kundayen farko amshin mata da guɗa suna ko'ina, daga baya suka ja baya. Wasan da suka yi a Faris tare da Lalla Badi, gwanar tinde, wanda aka fitar a 2015, ya nuna abin da ake rasawa in babu su.

Dattijon Bolari

Malama, na karɓi gyara a kan ƙirga marubuta. Ƙari ɗaya: Ibrahim ya haura sittin, kuma akwai shekarun da bai bi su yawon wasa ba, Sadam na Imarhan ya tsaya a gurbinsa. In aka ga sunan wani matashi a jerin marubutan kundi na gaba, ba a jerin 'yan amshi kawai ba, to wannan ya fi kowane baƙon Amurka girma a labari.

Mai Jita na Tumfure

Hamma mai tambaya, bari in ɗauki ɓangare na biyu da na uku tare, domin kunnen da zai gane waƙar ɗanɗano shi ne zai gane kuskuren sitidiyo.

Da farko kada ka yanke hukunci da sifikar waya. Ƙashin bayan kiɗan nan sauti ne guda mai kauri da ke ta maimaituwa a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, kuma sifikar waya ba ta fitar da shi. Sa abin kunne mai kyau, ka saurari waƙar sau uku. A na farko bi bes da babbar tsirkiya kawai: shin sun zauna a gida ɗaya, wato a kan tushen sauti guda, ko suna sauka suna tashi? Waƙar Turawa ta saba zagaya gida uku ko huɗu. Ta Tinariwen tana iya yin minti biyar a gida ɗaya, in ta leƙa na biyu ta dawo. Ranar da ka ji bes ɗin Eyadou Ag Leche yana zagaya gida huɗu a jere ana maimaitawa, to rubutun waƙar ya canja da gaske. A sauraro na biyu bi kiɗa: ƙwarya ce da jembe da tafi irin na Said Ag Ayad, ko an kawo cikakkun gangunan Turawa masu faranti? Bombino da Mdou Moctar na Nijar suna amfani da gangunan Turawa, shi ya sa nasu ke gudu. Na uku, bi amshi: jita ce ke amsa wa mai waƙa a ƙarshen kowane layi, ko an bar wa baƙo gurbin?

Yanzu ga sitidiyo. Kuskuren farko daga saitin jita yake. Da yawa daga makaɗan Abzinawa suna ɗaga babbar tsirkiya, ta shida, daga E zuwa G, sauran biyar su bar su yadda suke. Sai ya zama kana da G a ta shida da G a ta uku, duka a sake. Babban yatsa yana dukan ta shida ba tsayawa, manuniya tana zana waƙar a ƙananan tsirkiyoyi uku. Ba a amfani da ɗan robar kaɗawa, fatar yatsa ce.

A kula, ɗaga tsirkiya gaɓa uku, wato tazarar ƙarafa uku na wuyan jita, yana ƙara mata ɗauri da kusan kashi 40 cikin ɗari. In tsirkiyoyin masu lambar kauri 10 zuwa 46 ne a jitar lantarki, cire ta 46 ka sa ta 38 ko 40. In babu a kasuwa, sayi tsirkiya ta biyar guda biyu, mai lamba 36, ka sa ɗaya a gurbin ta shida ka saita ta a G. A jitar katako mai 12 zuwa 53 kada ma ka gwada ɗaga ta 53, ko ta tsinke ko ta fara ɗaga gadar da ke manne a fuskar jitar. Sa ta 42.

Sautukan da za ka yi yawo a cikinsu biyar ne: G, B mai sauka, C, D, F. A tsirkiya ta uku suna a sake, da gaɓa ta 3, ta 5, ta 7, ta 10. A ta biyu, gaɓa ta 1, ta 3, ta 6, ta 8. A ta farko, ta 1, ta 3, ta 6, ta 8, ta 10. Kunnen Bahaushe ya san wannan tsani, shi ne na garaya da molo da goge. Abin da ke bambanta su shi ne adon. Ba sa tura tsirkiya sama su lanƙwasa sauti kamar 'yan bulus na Amurka sai jefi-jefi. Kaɗawa ɗaya suke yi, sannan yatsan hagu ya buga gaɓa ya fizge, ya buga ya fizge, da sauri, sauti uku ko huɗu daga kaɗawa guda. Wannan kwaikwayon tehardent ne, molonsu mai tsirkiya uku. Wanda ya kaɗa kowane sauti daban da hannun dama, komai daidaitonsa, ba zai yi kama da su ba.

Kuskure na biyu shi ne mafi muni, kuma shi ke mai da abin nanaye. Ana buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a jera ƙwarya da tafi a kan layukan kwamfuta, kowanne ya faɗa daidai kan layi, sannan a kira mai jita ya bi. An kashe waƙar tun kafin a fara. Da yawa daga kiɗansu ƙirgen shida ne. Dunƙulen hannu yana sauka a kan ƙwarya a 1 da 4, tafi yana sauka a 1 da 3 da 5. Biyu ke nan suna ja da uku, kuma wannan jan shi ne rangajin da ake cewa tafiyar raƙumi. In an bar kwamfuta a rabon huɗu-huɗu da ta saba, ukun ba shi da wurin zama. Ko an gyara rabon ma, tafin mutum huɗu ba ya sauka lokaci guda cif, kuma ɗan saɓanin nan shi ne faɗinsa. Tafi ɗaya da aka kwafa sau ɗari kamar harbin bindigar wasa yake fita.

Gyaran shi ne a kashe agogon kiɗa na kwamfuta. A zaunar da mai ƙwarya, da mai bes, da jita biyu, da masu tafi uku ko huɗu, a ɗauka tare. Ƙwaryar a kife ta a kan bargo mai ninki huɗu don kada ta yi tsalle ko ta fashe. Makirfo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga abin da yake ɗauka, tazararsa da makirfo na kusa kuma ta ninka wannan sau uku aƙalla, in ba haka ba sautukan za su cinye juna, kaurin ya zube. A yi ɗauka uku ko huɗu a zaɓi mai rai, ba mai tsabta ba. Murya kuma kada a sa mata na'urar gyaran murya. Mai waƙar nan yana zamewa tsakanin sauti da sauti da gangan, na'urar kuwa tana ɗaukar zamiyar kuskure ce ta miƙe ta. Eko kaɗan. Fiyano a bar shi a jaka.

Ko da yake, don adalci, su kansu sun taɓa yi da fiyano da gangar inji: Kel Tinariwen, wanda aka ɗauka a Abijan a 1991 aka sake fitarwa a 2022. Duk mai son jin yadda abin ke zama in an bi ta wannan hanya ya neme shi. Yana da daɗinsa, amma ba su sake komawa can ba.

Sautin Jekadafari

Na gode ƙwarai, Baba, Adda, Hamma. Saura matsala ɗaya da matasan ke kuka da ita. In aka saita jitar a G ɗin nan aka kunna janareto, sai a ji wani gurnani a ƙasa yana kaɗawa kamar numfashi, in aka yanke shi a kwamfuta kuma sai kaurin jitar ya tafi tare da shi. Mene ne wannan?

Injiniyan Tudun Wada

Lissafi ne, ɗan'uwa. Wutarmu, ta layi ko ta janareto, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gurnaninta yana fita a 50 Hz, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, da ninkinsa 100 Hz. G na bes yana kan 49 Hz, G na babbar tsirkiyar jita yana kan 98 Hz. Sauti biyu da suka kusanci juna haka sai su riƙa ƙarfafa juna suna raunana juna, sau ɗaya a daƙiƙa a ƙasa, sau biyu a sama. Shi ne numfashin da suke ji. In ka sa wuƙar yanke sauti ta kwamfuta a 50 da 100 don cire gurnanin, ka yanka 49 da 98 tare. Ƙaramin janareto kuma ba ya tsayawa a 50 cif, in kaya suka yi masa yawa yana sauka, wani lokaci ya hau kan G ɗin daidai.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure kapo, matsin da ke danne duk tsirkiyoyi, a gaɓa ta 2, waƙar ta koma A. Yanzu jita tana 110, bes yana 55, an sami tazarar da siririyar wuƙa za ta shiga. Amma wannan sai in muryar mai waƙa ta yarda da hawan.

Hanya mafi kyau ita ce kada gurnanin ya shiga tun farko, kuma ƙofofinsa biyu ne. Ta iska, wato ƙarar injin da makirfo ke kwasa: duk ninka tazara sau biyu yana rage ƙara da 6 dB, ma'aunin ƙarfin sauti, don haka janareton da aka matsar daga mita 5 zuwa mita 40 ya ragu da kusan 18 dB, in aka sa shi bayan katanga ya ƙara raguwa. Ta waya kuwa ita ce mai wuyar. Jita mai siraran maganaɗisu, irin ƙirar Stratocaster, tana kwasar gurnanin wuta kamar eriya. A yawancin na zamani, in ka sa makunnin zaɓi a matsayi na 2 ko na 4, maganaɗisu biyu suna soke gurnanin juna. Mai jita ya riƙa juyawa a kan kujera a hankali har ya sami fuskar da gurnanin ya fi raguwa, a sa alama a ƙasa. Wayar jita kada ta wuce mita 5. Ta makirfo mai haƙori uku tana iya yin mita 30 ba matsala. A kashe fanka da dogon ƙwan lantarki, a fitar da wayoyin hannu daga ɗakin. Duk kayan a jona su a soket guda. Kada a cire haƙorin ƙasa na fulogi don kashe gurnani. Tsirkiya ƙarfe ce a hannun mutum, makirfo a bakinsa, kuma an sha rasa rai ta wannan hanya.

In da hali, a kashe janareton gaba ɗaya lokacin ɗauka. Laftof da akwatin sauti da ƙaramar amfilifaya ba su wuce wat 100 ba. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, a ci rabi don kada ya lalace, a cire asarar inbata, ana da kusan awa biyar. Inbatar dai ta zama mai tsabtataccen zubi, wadda ake rubuta wa pure sine a jiki. Mai arhar nan tana da nata ƙugin da ya fi na janareto muni. Cire cajar laftof kaɗai ma yakan kashe rabin matsalar.

Masu son fita bayan gari su ɗauka a fili, ta wajen Dadin Kowa ko gindin Bima, su kula da hunturu. Iska ta fi kwanciya bayan isha da kuma bayan asuba, a sa wa kowane makirfo soso, a juya wa iska baya. Sanyin dare yana motsa saitin tsirkiya, don haka a duba kafin kowace ɗauka, ba sau ɗaya da yamma ba. Bushewar Disamba da Janairu kuma tana tsotse katakon jita har bakin ƙarafan wuya su fito suna yankan hannu, fuskar jitar katako kuma ta tsage. A jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a kwandon sabulu mai huji, a rufe a cikin jakar jitar, a sake jiƙawa duk bayan kwana biyu.